UBAN DA YA KOYI IYO DA GIRMANSA SABODA ƊANSA

  A wannan fitowar zan ɗan kauce wa abin da muka saba tattaunawa, wato abincin mai ciki da alluran rigakafi, in ba ku labarin wata gasar motsa jiki da aka yi a ƙasar Amurka a shekarar 1985. Na san wata za ta ce, Sista, ina ruwan mai cikin wata bakwai da tseren Turawa? Ki daure ki karanta zuwa ƙarshe, 'yar'uwa. Labarin ya faro ne daga ɗakin haihuwa, irin wanda nake aiki a cikinsa kullum, kuma ya taɓo wata tambaya da iyaye kan yi mana a asirce, murya na rawa: Sista, idan yaro ya zo da lalura, shi ke nan tasa ta ƙare?

Wace irin gasa ce?

Sunan gasar tirayatlon, kuma wasanni uku ne ake yi a jere ba tare da hutu a tsakani ba. Da farko a faɗa ruwa a yi iyo, a tafki ko kogi ko teku. Da an fito, jiki na ɗigar ruwa, sai a haye keke a yi tsere. Da an sauka daga keken kuma sai a ɗora da gudu a ƙafa har zuwa layin ƙarshe. Agogo ba ya tsayawa, hatta lokacin da mutum ya ɓata wajen sauya kaya da ɗaura takalmi ana lissafa masa shi.

Gasar ta zamani ta samo asali ne a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya a 1974, sannan ta shiga wasannin Olamfik a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a shekarar 2000. A ta Olamfik ana iyo na kilomita ɗaya da rabi, a yi kilomita 40 a kan keke, a yi gudun kilomita 10. Akwai ƙarama mai rabin wannan nisa, wadda sababbin shiga suka fi farawa da ita. Akwai kuma uwa-uba, wadda ake kira Ironman, da aka fara a tsibiran Hawayi a 1978. Ita iyonta ya kusan kilomita 4, tseren kekenta kilomita 180, sannan a rufe da gudun fanfalaki na kilomita 42. Domin ki gane nisan, tafiyar Kano zuwa Zariya ba ta kai abin da suke yi a kan keken kaɗai ba.

Wannan ce gasar da wani uba ya shiga tare da ɗansa wanda bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Yadda aka haifi yaron

A ranar 10 ga Janairun 1962, a jihar Masachusets, wata matashiya mai suna Judy Hoyt ta haifa wa mijinta Dick Hoyt ɗansu na fari, suka raɗa masa suna Rick. Kamar yadda iyalin suka bayyana, cibiya ce ta naɗe wuyan jaririn a lokacin haihuwa, har iskar da jini ke kai wa ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci na ɗan lokaci. Sakamakon haka ya samu lalurar da likitoci ke kira seribral falsi, wato shanyewar jiki da ke faruwa saboda rauni a ƙwaƙwalwar jariri. Hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu duk sun ƙage, ba ya iya sarrafa su, kuma bai taɓa yin magana da bakinsa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin ya cika shekara guda, likitocin wancan zamani suka ba iyayen shawarar su kai shi gidan ajiye naƙasassu su manta da shi, domin a ganinsu ba zai taɓa sanin inda kansa yake ba. Iyayen suka ƙi. Dalilinsu kuwa ƙaramin abu ne da kowace uwa za ta iya lura da shi: duk inda suka yi a cikin ɗaki, idanun yaron na biye da su. Suka ce wanda ke bin mutum da ido haka, lallai akwai hankali a tare da shi.

Uwa ce ta fara ɗaukar nauyin

Idan ana ba da wannan labari an fi ambaton uban, domin shi ake gani a hotuna. Amma shekaru kafin a yi maganar tsere, uwar ce ta yi aikin da babu mai tafa mata. Ta yanko haruffa daga takardar yashi irin ta kafintoci, tana goga yatsun yaron a kai domin ya ji siffar kowane harafi. Ta rubuta sunayen kayan gida ta lilliƙa a jikinsu. Iyalin ba su ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba, duk inda za su je da ƙannensa biyu maza, har wurin wanka a ruwa, da shi ake zuwa.

A 1972 wasu injiniyoyi na Jami'ar Tufts suka ƙera masa wata kwamfuta. Haske na bin haruffa ɗaya bayan ɗaya a kan allo, idan ya zo kan harafin da yake so sai ya danna wani maɓalli da gefen kansa. Iyayen suka taru suna jiran su ga wa zai fara gaisarwa, Mama ko Baba. Sai ga shi abin da ya fara rubutawa kirari ne ga ƙungiyar wasan hoki ta birnin Boston, wadda ake kallon wasanninta a gidan. Ashe duk shekarun nan yana bin wasan, yana fahimtar hirar da ake yi a gabansa, hanyar faɗa ce kawai ba shi da ita.

Uwar ba ta tsaya nan ba. Tana cikin iyayen da suka yi ta fafutuka har jiharsu ta yi dokar da ta ba yara masu lalura haƙƙin shiga makarantun gwamnati. A 1975, yana da shekara 13, aka karɓi Rick a makaranta tare da sauran yara.

Kilomita 8 na farko

A 1977 aka shirya wani gudu na kilomita 8 domin tara wa wani matashin ɗan wasa gudunmawa, wanda haɗari ya shanye wa jiki. Rick, yana da shekara 15, ya rubuta wa babansa cewa yana so su shiga, domin ya nuna wa wancan matashi cewa rayuwa ba ta ƙare ba. Uban jami'in soja ne a rundunar tsaron sama ta jiha, shekarunsa sun haura 35, kuma shi ba ɗan tsere ba ne. Keken guragun da suke da shi mai nauyi ne, ba don gudu aka yi shi ba. Masu kallo sun zaci iyakarsu su kai kwanar farko su juyo. Amma suka kammala, inda suka zo na biyun ƙarshe. Uban ya yi kusan mako biyu yana fama da ciwon jiki.

A daren ranar ɗan ya rubuta masa cewa a lokacin da suke gudun ya ji kamar lalurarsa ta gushe. Wannan magana ce ta sauya rayuwar gidan. Uban ya shiga atisaye kullum, idan yaron yana makaranta sai ya ɗora buhun siminti a kan keken ya yi ta turawa a titi. Aka ƙera musu keke mara nauyi mai ƙafa uku. Sannu a hankali suka kai ga shiga gudun fanfalaki na Boston, inda da farko masu shiryawa suka ƙi ba su lamba, suka yi gudun a hakan ba lamba, har daga baya suka cika sharaɗin lokaci aka karɓe su.

Gasar watan Yunin 1985

Wani amininsu mai shirya wasannin tsere, Dave McGillivray, shi ne ya dubi uban ya ce mai ƙarfi irin naka ai ya kamata ya gwada tirayatlon. Uban ya amsa cewa zai yi, amma da sharaɗi guda, sai dai in da ɗansa za a yi. Abokin ya amince.

Sai dai akwai matsala babba. Mutumin nan da ya doshi shekara 45 bai iya iyo ba, kuma rabonsa da hawa keke tun yana ɗan shekara 6. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ranar da ya fara faɗawa ruwa nutsewa ya yi kamar dutse. Amma gemu ba ya hana ilimi. Gidansa a bakin wani tafki yake a garin Holand na jihar Masachusets, sai ya mayar da tafkin makarantarsa. Ya koyi yadda ake riƙe numfashi da yadda ake sauke shi, ya koyi kwanciya a kan ruwa, yau ya yi taku kaɗan ya dawo gaɓa yana haki, gobe ya ƙara. Kuma abin da yake nema ya fi na sauran masu koyo wuya, domin ba kansa kaɗai zai fitar daga ruwan ba.

Ki duba yadda suka tsara abin. A zangon ruwa, an kwantar da ɗan a cikin kwale-kwalen roba irin wanda ake hura wa iska, an ɗaura igiya daga goshin kwale-kwalen zuwa jikin uban, yana iyo yana jan sa. Da sun iso gaɓa, sauran 'yan gasa kowa ya ruga wajen kekensa, shi kuwa uban sai ya sunkuya ya sungumi ɗan nasa, saurayi ɗan shekara 23 mai nauyin kusan kilo 50, ya rungume shi a ƙirji ya haura da shi tudu. Kekensu na musamman ne, an yi masa kujera a gaba, ɗan na zaune yana fuskantar hanya, uban na baya yana tuƙi, yana ɗauke da nauyin mutum biyu da na ƙarfen a kowane hawa. Da an gama zangon keke sai ya sake ɗaukarsa ya zaunar da shi a keken turawa, ya ɗaure shi da kyau, sannan a shiga gudu da ƙafafun da suka riga suka yi tsami.

Kada kuma a ɗauka ɗan kaya ne kawai da ake ɗauka ana saukewa. Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura ya san abin da zaman awoyi a wuri ɗaya ke yi wa jikin da ya ƙage. Rana ta dake shi ba ya iya kare fuskarsa, ruwa ya fantsamo masa ba ya iya sharewa, gumi ya shiga idonsa sai dai ya daure, kowane gargada a hanya a ƙashinsa yake ƙarewa. Duk da haka shi ne mai cewa a je. Uban ya sha faɗa cewa shi ƙafafu da hannuwa kawai ya bayar, zuciyar ta ɗan ce, kuma an sha ba shi shawarar ya shiga gasa shi kaɗai ya ga lokacin da zai yi, yana ƙi.

Har ila yau, ki lissafa kayan: kwale-kwale, igiya, keke mai kujera, keken turawa, ruwan sha da abinci na mutum biyu. Dole wani ya kai kowanne inda ake bukatarsa, wani ya jira a gaɓa, wani ya kwashe abin da aka bari a baya. Irin wannan gasa ba ta yiwuwa sai da dangi da abokai a gefen hanya. A ranar bikin iyaye maza ta Amurka, a watan Yunin 1985, uba da ɗa suka shiga ruwa, suka hau keke, suka yi gudu, suka ƙetare layin ƙarshe na tirayatlon ɗinsu na farko. Kuma da yake kujerar ɗan a gaba take, shi ne ya riga uban ƙetarewa, kamar yadda ya ci gaba da riga shi a duk tseren da suka yi bayan nan.

Abin da ya biyo baya

Ba kullum suke nasara ba. A 1988 sun gwada Ironman ta Hawayi, uban ya kamu da rashin lafiya a cikin teku, ba su ko gama zangon ruwa ba. Suka koma a 1989 suka kammala cikin awa 14 da minti 26. A 1992 suka ratsa ƙasar Amurka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan, a keke da ƙafa, cikin kwana 45. Jimillar tseren da suka shiga ya haura 1,100, ciki har da tirayatlon fiye da 250, da Ironman 6, da gudun fanfalaki na Boston sau 32, na ƙarshe a 2014.

Yaron da aka ce a kai gidan ajiya ya samu digiri a Jami'ar Boston a 1993, ya yi aiki a wani ɗakin binciken kwamfuta da ke ƙera wa masu lalura na'urorin sadarwa, ya kuma zauna a gidan kansa da taimakon masu kula da shi. Uban ma ya ci moriya. A 2003 ya samu bugun zuciya, likitoci suka tarar wata jijiyar zuciyarsa ta kusa toshewa, suka shaida masa cewa ba don ƙarfin jikin da motsa jiki ya ba shi ba, da tuni wani labarin ake yi. Uwar ta rasu a 2010, uban a 2021 yana da shekara 80, ɗan kuma a 2023 yana da shekara 61.

Mu dawo ɗakin haihuwa

Na san hankalin wata ya tashi tun da ta karanta maganar cibiya. Ki kwantar da hankalinki. Naɗewar cibiya a wuyan jariri abu ne da muke gani yau da kullum, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu, kuma mafi yawan lokuta ba ta yin illar komai. Jaririn da ke ciki ba da maƙogwaro yake numfashi ba, ta cibiyar yake samun iska daga jinin uwa. Da kai ya fito ungozoma kan sa yatsa ta duba wuya, in akwai cibiya ta zare ta. Ba ɗaga hannu sama ko shanya ko daka ke jawo ta ba. Haɗari na zuwa ne idan cibiyar ta matse sosai ko naƙuda ta yi tsawo, kuma babu mai sauraron bugun zuciyar jariri balle ya gane yana wahala.

Haka kuma ba kowace shanyewar jiki ce ke faruwa a lokacin haihuwa ba. Wata tun a ciki take samuwa, wata saboda haihuwar bakwaini, wata ma ba a gano dalilinta. Don haka bai halatta a ɗora wa uwa laifi ba. Amma a asibitocin ƙasar nan, manyan dalilan da muka fi gani su ne rashin numfashin jariri a lokacin haihuwa, da shawara mai tsanani, da cututtuka masu taɓa ƙwaƙwalwa irin su sanƙarau. Waɗannan kuwa akwai abin da za mu iya yi a kansu:

1. Ki fara awon ciki da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8. A nan ake gano hawan jini, da ƙarancin jini, da kwanciyar jariri ba daidai ba.

2. Ki san motsin ɗanki. Idan ya ragu ko ya tsaya, ki zo a ranar, kada ki jira ranar awo.

3. Ku shirya tafiya asibiti tun kafin wata tara: abin hawa, kuɗi, mai rakiya, mai ba da jini, da izinin maigida ko da ba ya gari. Kunyar haihuwar fari kada ta sa ki ɓoye naƙuda. Naƙudar da ta kai awa 12 ba a haihu ba, ko zubar jini, ko jijjiga, ko faya ta fashe ruwan ya fito kore, ko cibiya ta riga jariri fitowa, duk ba na zaman jira ba ne.

4. Kada a yi miki allurar naƙuda a gida ko a kemis, kada ki sha jiƙon saurin haihuwa. Suna matse mahaifa fiye da ƙima su rage wa jariri iska, suna iya fasa mahaifar ma.

5. Jaririn da bai yi kuka ba yana bukatar taimako a cikin mintin farko. A tsane shi, a shafa bayansa, a ɗumama shi, in bai yi numfashi ba a hura masa iska da 'yar jakar da muke ajiyewa a gefen gadon haihuwa. Watsa masa ruwan sanyi ko riƙe shi kai a ƙasa ɓata lokaci ne. Wannan minti guda na cikin manyan dalilan da suka sa muke cewa a haihu a asibiti.

6. A makon farko ki riƙa duba idon jariri da fatarsa a hasken rana, ba a duhun ɗakin jego ba. Idan ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko ya ƙi nono, ko yana kuka mai tsini yana banƙarewa, a kawo shi nan take. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganin shawara mai tsanani, muna da fitila ta musamman da ake sa su a ƙarƙashinta. A kuma nisanta kafur daga kayan jariri, domin yana tayar da shawara ga wasu jarirai.

7. A kammala rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, a kawo jariri mai zazzaɓi ko jijjiga ba tare da jinkiri ba.

Game da motsa jiki kuwa, ba wanda ya ce ki shiga tsere. Mai cikin da ba ta da matsala ana so ta samu kamar minti 150 a mako na motsi matsakaici, misali tafiya a ƙafa ta rabin awa sau biyar, gwargwadon yadda za ta iya magana ba tare da haki ya hana ta ba. Wadda ke zubar jini, ko take da hawan jini ko ciwon zuciya, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, sai ta tambayi likita tukuna.

Idan lalurar ta riga ta samu

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da yaro ya wuce wata 4 bai tsayar da wuya ba, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko jikinsa ya yi tauri ƙafafu na harɗewa, ko ya saki laƙwas, ko yana amfani da hannu ɗaya kawai tun bai shekara ba, ko yana yawan ƙwarewa wajen shan nono. Wanda ya ga haka ya kawo shi sashen yara, daga nan a tura shi sashen gashi.

Ga gaskiyar da ya kamata kowa ya sani. Wannan lalura ba a ɗaukarta, kuma ba musanya aljanu suka yi ba. Yaron da wasu ke kira ɗan ruwa ɗanku ne, jininku ne. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, sai dai gaɓoɓi na ƙara ƙagewa idan an bar su ba motsi. Babu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya, don haka ku yi hattara da masu karɓar kuɗinku da alƙawarin zai miƙe cikin mako biyu. Amma gashi, da koyar da zama da cin abinci, da maganin farfaɗiya ga mai ita, suna kawo sauyi ƙwarai, musamman idan an fara da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu yaran za su yi tafiya, wasu ba za su yi ba. Wasu lalurar kan taɓa fahimtarsu, da yawa kuma hankalinsu garau yake kamar na Rick. Saboda haka ku yi masa magana, ku kira sunansa, ku zaunar da shi cikin 'yan'uwansa a tsakar gida, kada kuma ku faɗi a gabansa abin da ba za ku faɗa a gaban mai baki ba.

Gare ka maigida

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina haɗuwa da ita a barandar asibiti, goye da yaro ɗan shekara 6, ƙafafunsa na reto har wajen gwiwarta. Mota biyu take shiga kafin ta iso. Wata rana sai ga ta a layin awo da cikin wata biyar, yaron na bayanta. Na ce, Maman yara, ina babansa? Ta ce, Sista, yana ƙoƙari, shi ke ba da kuɗin mota. Na roƙe ta ta zo da shi. Ya zo yana ta noƙewa, ashe bai taɓa ganin yadda ake yi wa ɗansa gashi ba. Ma'aikacin sashen ya ɗora masa yaron a cinya, ya nuna masa yadda ake miƙar da ƙafa a hankali. Har ta haihu ta gama wanka shi ya riƙa kawo shi, yanzu kuma karɓa-karɓa suke yi.

Malam, kuɗin mota taimako ne, amma bayan mace ɗaya ba zai iya goyon ciki da goyon ɗan shekara 6 a lokaci guda ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a ce ka ja kwale-kwale a teku ba. Ka rako ta awo ko sau ɗaya ka ji da kunnenka. Ka bar izini da kuɗi a gida kafin ka yi tafiya. Idan Allah ya ba ku yaro mai lalura, ka ɗauke shi a kafaɗarka ka fita da shi ƙofar gida mutane su san ɗanka ne. Ke ma Hajiya kaka, maganarki na da nauyi a gidan, in kin ce a tafi asibiti babu mai musa miki, in kin rungumi jikan nan babu mai ƙyamarsa.

An taɓa tambayar Rick abin da zai so ya yi wa babansa da yana da iko. Ya rubuta cewa zai so ya zaunar da uban a kan keken, shi ma ya tura shi ko sau ɗaya.

Mai tambaya game da abin da ta karanta a nan ta same mu a sashen awon ciki a ranakun aiki, ko ta yi wa ungozomar da ke duba ta magana. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana abin da za a haifa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.